Fure, Kusu da Hauren Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da shekarar da aka tura ni Buza koyon tsabtar baki, na dawo na zama sanadin cire wa kakata haƙori.

Lokacin ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon garinmu, wani ƙauye da ke gefen Tama. Ni ne ɗan gari na farko da ya tafi karatu ya dawo ya riƙe alli a gida, saboda haka kowa Mushe yake ce mini, har matan da suka yi mini wankan jarirai. (Wanda bai san ƙasarmu ba kada ya tsorata, ba mushen dabba ake nufi ba, "monsieur" ne bakinmu ya tanƙwara.) Gaskiya sunan ya hau mini kai. Ko rijiya zan je sai na soke bik, wato biro, guda biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Kuma a wancan zamanin duk abin da aka tambaye ni ina da amsarsa, ko na sani ko ban sani ba.

Kaka, mahaifiyar babana, ita ta raine ni, kuma ɗakinta na jikin nawa. "Maigidana" take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce na sake ta tun bara ba ta ji ba ne. Duk duniya ba abin da take so kamar goro. Haƙoranta sun zube sai 'yan kaɗan, amma a gefen hagu akwai matauna biyu da suka rage suna haɗuwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da su take cin goronta da 'yar ƙuli-ƙuli. To hauren ƙasan ne, haka muke ce wa haƙori, ya yi rami ya fara damunta. Na kai ta wurin Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan yankinmu, ya duba ya ba ta ƙwayoyi, ya ce in kai ta Madawa ba da jimawa ba, can za a iya cike ramin tun haƙorin na da sauran rai. Sai da na yi wata guda ina lallashi kafin ta yarda, don a ganinta duk wanda ya shiga wurin likitan haƙori da filaya ake tarbarsa. Muka tsayar da Asabar ta farko bayan na dawo daga Buza.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa tun yanzu. Kaka 'yar zamanin fure ce. Matan da, idan za su yi kwalliya, furen taba suke gogawa a haƙora su haɗa da goro, baki ya yi jawur, a ce an yi kyau. Tun ina koleji na sa ta gaba da wa'azi cewa wannan ƙauyanci ne kuma yana ɓata baki, har ta gaji da surutuna ta bari.

Formasiyon, wato taron horon, na kwana uku ne, an tara malaman lakwal da ma'aikatan lafiya a wani babban ɗaki. Wata likitar haƙori ce ta zo daga Tawa, mai magana a hankali da irin Faransancin nan na waɗanda suka yi karatu a waje, kalma na bin kalma ba ka ganin inda suka rabu. Rana ta biyu aka ba mu shinkafa da miyar albasa da nama, na ci kamar wanda za a hana gobe. Zafi ya fara shigowa, ni kuma na zaɓi kujerar baya kusa da taga, bayan tagar kuwa injin wuta ne ke ta ruri. Ba sai na faɗa muku abin da ya biyo baya ba. Abin da na sani kawai, na ji kaina ya faɗi gaba, na farka firgigit na gyara zama ina gyaɗa kai kamar mai bin bayani tun farko.

Da na duba bango, sai ga hoton kusa farare tas masu jajayen idanu a cikin keji. Mu nan kusu muke cewa, ba ɓera ba, kuma abin da muka sani game da shi bai wuce ɓarnar rumbu ba. Sai ga wasu mutane a wata ƙasa suna kiwonsa, har suna ba shi sukari. Barci ya tafi. Likitar ta yi bayani cewa masu bincike kan raba kusan nan gida biyu, duka a riƙa ba su abinci mai zaƙi, amma gida ɗaya ana zuba musu wani abu kaɗan a ruwan sha. Bayan makonni sai a duba bakinsu a ƙirga ramukan haƙori, a tarar waɗanda suka sha abin ramukansu ba su kai na sauran ba.

Sunan abin ne matsalar. Hoton da aka rubuta shi ya wuce ina barci, sai dai kunne, kunnen kuma yana kokawa da injin wuta. Abin da na ji shi ne wani abu kamar "hulor". (Ku yi mini adalci a nan. Bakin Ba'adare irina ba ya shiri da "f", fure ma hure muke cewa, kuma kunnen mutum bakinsa yake bi.) Na laluba Faransancin da ke kaina, kalma ɗaya ce ta fito, na zaro bik na rubuta FLEUR da manyan baƙaƙe, wato fure.

Na ɗan yi shakka, ba zan ɓoye ba. Wane irin fure? Har na ɗaga hannu ya kai kafaɗa. Sai na duba na ga kowa na gyaɗa kai, ga wasu malamai mata biyu a gabana da tun jiya nake so su san akwai ni a ɗakin. Na ce yanzu in yi tambaya a gane barci na yi? Hannun da ya tashi tambaya sai ya zarce ya sosa ƙeya.

Ana haka likitar ta ɗaga yatsa ta ce a yi hattara, abin nan idan ya yi yawa yana rina haƙora, su yi dabbare-dabbare ja-ja. Shi ke nan, shakka ta ƙare. Wane fure ne ake sa wa a haƙori ya rina shi in ba furen taba ba? Na zaro jan bik na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar. Har wani daɗi na ji a raina, na ce ashe Nasara da keji da kusansu sai yanzu suka iso inda kakanninmu suka daɗe da zama. Ranar rufewa aka ba kowace lakwal kwali guda na buroshi da man goge baki, na ɗaure nawa a bayan moto, wato babur, ban ko karanta abin da aka rubuta a jiki ba.

Da na dawo, darakte ya tara iyayen yara a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar lakwal don in faɗa musu abin da na koyo. Na sa farar rigata. Na yi maganar wanke baki safe da dare, na yi maganar alewa, mutane na ta hamma. Sai na kawo labarin kusa, nan take wuri ya farka.

Wani dattijo, mai gadin rijiyar gari, ya ce, "Mushe, tsaya. Kusun ga, wa ka buɗe musu baki hal a ƙilga ramu? Ba su cizo?"

Na ce akwai ma'aikata na musamman da aka koya wa wannan. (Ban sani ba. Amma kun ji yadda nake a lokacin.)

Daga nan na sauke babban labarin. Na ce abin da ya tsare haƙoran kusan nan ba wani abu ba ne illa fure, furen nan dai da iyayenmu mata suka sani. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kaka tana zaune a gaba a kan tabarma, ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe hure na? Kai ɗan nema, shekara nawa kana hana ni, kana ce mani baƙauya?"

Aka fashe da dariya. Ni kuma, don a ga girman halina, na dafa ƙirji na nemi gafararta a gaban jama'a, na ce ilimi ne ya nuna ita ke da gaskiya. Na koma gida ranar ina jin kamar ni na ƙirƙiro kusan da kaina.

Asabar da safe na fito da moto na ce ta shirya mu tafi Madawa. Ko tashi ba ta yi ba.

"Ba ni zuwa. Kusun Nasara ma da hure anka yi musu magani, ni mi za ya kai ni wurin mai hilaya?"

Na ce mata ai rigakafi likitar ta ce, ba maganin ramin da ya riga ya faɗa ba. Ta ce abin da ya hana rami shiga ai ya iya fitar da shi. Na san ya kamata in dage. Amma dagewa na nufin in rage wa labarina daraja, kuma ni na fi kowa son labarin. Na mayar da moto zaure. Abin da ya fi wannan muni, da yamma ni da kaina na gangara fadama wurin wani mai lambun taba, na tsinko mata furen cike da hula.

Kwanakin farko ta ce ciwon ya lafa. Yanzu na san taba ce kawai ke kashe wurin na ɗan lokaci, amma a lokacin har cikin kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na rubuta cewa an ga sakamako. Kafin mako biyu, rabin matan gari sun koma fure. Duk wadda na gamu da ita a hanyar rijiya sai ta washe mini jan baki ta ce, "Mushe, mun gode." Mai lambun ma ya aiko mini da albasa.

A mako na uku ne, wata Talata da safe, na leƙa ɗakinta in gaishe ta ban ji ta ce "maigidana" ba. Tana kwance, kuncinta na hagu ya kumbura har ido ya ƙanƙance, jikinta zafi rau. Goron da na ba ta jiya yana nan a gefen matashi ba ta taɓa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ɗora ta a moto, na ɗaure ta a jikina da zane don kada ta zame, muka kama hanyar likita. Amma ku ji halin mutum: duk da wannan tsoron, sai da na koma ɗaki na ɗauko kayena na soke a riga, don in Majo ya yi mini gardama in nuna masa a rubuce.

Mun dace da ranar awon jarirai, baranda cike da mata, da yawansu 'yan garinmu ne, iyayen yaran da nake koya wa. Suka ba mu hanya. Majo dattijo ne mutumin wajen Keita, ba ya ɗaga murya, kuma shi ma ya halarci formasiyon nan, a layin gaba ya zauna. Ɗakinsa labule ne kawai a ƙofa, shi ma a ɗage saboda zafi. Ya haska bakin Kaka da tocila, ya sa auduga ya zaro wani abu baƙi-baƙi daga ramin.

"Inna, mi kinka cusa nan ciki?"

"Hure," in ji ta, da ƙyar bakin ke buɗuwa.

"Huren taba? Wa yac ce ki sa? Ba Madawa nac ce a kai ki ba?"

Duk da ciwon, sai da ta yi ƙoƙarin murmushi ta nuna ni. "Maigidana na. Can Buza anka koya mai, da hwararen kusa."

Majo ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Nan ne ya kamata in yi shiru. Ni kuwa sai na gyara tsayuwa, na juya harshe zuwa Faransanci don matan baranda su san manya na magana, na tuna masa cewa ai shi ma yana wurin, gida biyu na kusa, ruwan sha, ƙirgar ramuka. Na zaro kaye na buɗe masa shafin, na ɗora yatsa a kan jan layin nan biyu.

Ya daɗe yana kallon shafin. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo aljihun tebur ya fito da man goge baki, irin wanda aka raba mana, ya sa farce a ƙarƙashin wata kalma, ya miƙo mini. Da Hausa ya yi magana.

"Mushe, karanta mani wanga."

Na karanta. F, L, U, O, R. Fluor.

Kalma ce da na sani tun aji uku na koleji, tana cikin littafin kimiyyar da na ci jarrabawa da shi. Man nan kuma mako uku ke nan ina matsa shi a buroshi kowace safiya, kalmar na kallona ina kallonta. Majo ya ci gaba a hankali, kamar mai yi wa ɗan aji ɗaya bayani, cewa ba tsiro ba ne, sinadari ne da ke cikin ƙasa da ruwa, ɗan kaɗan ake sawa a man don ya ƙarfafa bayan haƙori, kuma rinin da likitar ta ambata na garuruwan da ruwan rijiyarsu ya cika shi da yawa ne. Ina jin muryarsa kamar daga nesa. Ga kaye a buɗe a hannuna na rasa inda zan kai shi.

Daga bakin ƙofa wata mata da jariri a kafaɗa ta ce, "Majo, to huren hwa?"

"Hure taba na, ɗiyata. Ku bari."

Na waiga. Bakin ƙofa cike da fuskoki, kuma kusan duk wadda na duba sai ta rufe jan bakinta da gefen mayafi.

Kaka ba ta san bambancin baƙi ɗaya da wani ba, amma ta san fuskata tun ranar da aka haife ni. Ta dube ni, ta dubi Majo, ta dubi matan. Sai ta kama hannun Majo.

"Likita, ba laihinai ba na. Kunnuwana sun tsuhwa. Shi wani abu daban yac ce, ni naj ji hure."

Matan da ke tsaye a ƙofar nan duk suna ƙarƙashin dogon yaro ranar da na yi jawabi, sun ji ni da kunnensu. Ba wadda ta ƙaryata ta. Wata ma har ta gyaɗa kai ta ce haka ne, tsufa ne. Wato gari guda ya yarda ya yi ƙarya saboda ni, don Mushensu ya fita da rigarsa fara. Kuma wallahi na so in karɓa. Na yi shiru na ɗan lokaci ina auna abin, wannan shirun shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau, ya fi kuskuren kalmar. Tsohuwa na kwance da kumburarren kunci saboda ni, tana kuma ƙoƙarin ɗauke mini kunya ta ɗora wa kunnenta.

Na ce, "A'a Majo, ni nac ce hure. Kwana ni kai lokacin da anka rubuta shi, kuma ban tambaya ba. Ni na ma nit tsinko mata shi."

Ba wanda ya yi dariya sai Kaka, ita ma ciwo ya katse ta.

Sai da aka yi mata allurai na kwana biyar kumburin ya sauka, sannan na kai ta Madawa. Likitan can ya duba ya girgiza kai, ya ce da wata guda baya ne da an cike shi, yanzu kam ruɓar ta kai saiwa. Abin da ta yi ta gudu shi ya same ta, filayar dai. Ina tsaye a waje ina jin ƙarar ƙarfe, na yi hawaye ban damu da wanda ya gani ba. Mataunin sama ya rage shi kaɗai, ba abin da zai haɗu da shi.

Na roƙi darakte ya sake tara iyaye. Na fito da allo tsakar lakwal na rubuta kalmomin biyu manya-manya, na nuna musu inda suka rabu, na raba man goge bakin da ke kwali, na ce duk wadda ta koma fure saboda ni ta yafe mini ta bari. Mai gadin rijiya ya ce shi dai tun farko bai yarda da mutanen da ke ba kusu sukari ba. Daga ranar sunana ya ƙaru, na zama Mushe Hure, har wasiƙa an taɓa aiko mini da shi a bayan ambulan.

Kaka ba ta ƙara tauna goro ba. Na samu gwangwanin kifi na huda shi da ƙusa na yi mata magogi, kuma yau shekara shida ke nan, kowace safiya kafin in tafi aji, sai na zauna a bakin ɗakinta na goge mata goro ɗaya a tafin hannu. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, abin da ya sa har yanzu ban gama jin nauyin abin ba.

Darasin dai ba mai tsawo ba ne. "Ban ji ba, a sake faɗi" magana ce ta daƙiƙa biyu, na ƙi yin ta don kada mata biyu da ba su ma san sunana ba su yi mini dariya, sai ga shi gari guda na yi mini ita har gobe. Yanzu duk taron da na je ni ne mai yawan tambaya, har mutane na tsaki, ba ruwana. Kuma ba na ƙara cika ciki da shinkafa in akwai zama bayan azahar.

Jiya ma ina cikin gugar goron, ina sauri don an kusa buga ƙararrawa, ta leƙa tafin hannunta ta ga ɓarɓashin ya yi manya. Ta turo mini shi baya.

"Sake gogawa, maigida, ka yi shi da laushi. Kai na haurena yanzu."